Shatin Hannu a Bandirin Baba

Assalamu alaikum 'yan uwana masu bibiyata. Na ga saƙonninku, na masu yi mini addu'a da na masu yi mini faɗa, duk na karanta. Wata baiwar Allah ta rubuto cewa in daina ja musu rai, in faɗi abin da ya faru a Agiye. Wallahi ba jan rai nake yi ba, kunya ce ta riƙe mini hannu. Sau huɗu ina fara rubutun nan ina gogewa.

Ga wadda yau ta fara karantawa: sunana Rahina, ina zaune a Gidan Rumji tare da Innata a gidan yayana Safiyanu, ina aikin ungozoma. Wanda nake so sunansa Hayatu, mushe ne, wato malamin makaranta, a wata lakol a Agiye. A Maradi muka haɗu lokacin ina karatu, shekara biyu ke nan, kuma abin da ya rage kawai manyansa su zo neman aure. A duk tsawon shekarun nan biyu akwai abu ɗaya da na ɓoye masa, shi ne ko wane ne ubana.

Babana Malam Nomau ya rasu shekara takwas da suka wuce. Da safe gero yake aunawa a kasuwa, ranar Alhamis bayan la'asar kuwa shi ne mai buga bandiri a zawiyar Ƙadirawan ƙauyenmu. In ya ɗaga murya yana begen Annabi, har matan da ke daka sukan tsayar da taɓarya. Da ya rasu Yaya Safiyanu ya kwaso mu zuwa cikin gari. Shi ya riga ya bar ɗarika tun yana karatu, ya ce ganga ba za ta kwana a gidansa ba. Wata rana na dawo daga lakol na tarar babu bandirin. Na tambayi Inna, ta ce an kai shi inda ba za a wulaƙanta shi ba. Ban sake tambaya ba, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba.

Ranar da Yaya ya ji cewa mahaifin Hayatu, Alhaji Inusa, yana cikin waɗanda ko sallah ba sa bin ɗan ɗarika, sai ya kira ni tsakar gida ya zaunar da ni.

"In sunka tambaye ki, ki ce Baba ɗan kasuwa na. Ba ƙarya kinka yi ba, hatsi ya saida har ya mutu. Sauran ki bar shi cikinki, in dai kina son auren ga."

Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Sai ta ajiye faifan ta shige ɗaki. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na ɗauki shawarar hannu bibbiyu. Duk lokacin da Hayatu ya tambaye ni labarin Baba, rabin kasuwa nake ba shi, in haɗiye rabin zawiya. Na saba har na daina jin ɗacin abin.

To sai ƙawata Lubna ta haihu a Agiye, na je suna. Kwana biyu na yi niyyar yi. Ranar sunan da yamma, hannuwana sun sha jan lalle har wuyan hannu, saƙon Hayatu ya shigo.

"Gobe bayan azahar ki shirya, zan kai ki wani wuri. Da Rukaiya za mu zo."

"Ina ne?"

"Kado ne, kyautar bazata. Ba a faɗin kado."

"Ko ɗan haske?"

"Ki dai zo da hannuwanki duka biyu."

Na yi ta dariya ni kaɗai, na ɗauka zobe ne. Ku ji wauta.

Rukaiya ƙanwarsa ce, 'yar lelen Alhaji. Hayatu da bakinsa ya taɓa gaya mini cewa abin da idonta ya gani da rana, kunnen Alhaji ya ji shi kafin isha'i. Saboda haka washegari na ɓata lokaci gaban madubi. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na yafa farin mayafi, na dubi kaina na ga na yi kyau. Sai na tuna da wa za mu fita. Na cire mayafin, na ari dogon hijabin Lubna ruwan toka wanda ya sauka har idon sawu, na goge jan baki. Lubna tana shayar da jaririnta tana kallona, ta ce wa'azi za ni ko zance. Na ce duka biyun.

Da motar wani abokinsa ya zo. Rukaiya ta tarbe ni da fara'a, tana kirana antinmu, ta kama hannuna tana yaba lallen. Yarinya ce mai surutu, ba ta da mugun nufi a fuska, amma ni duk kalmar da zan faɗa sai na auna ta sau biyu. Muka bar kwalta, muka bi wata hanyar rairayi har ƙarshen gari, ya tsaya gaban wani gidan ƙasa mai itatuwan bedi biyu a ƙofa. An shafe bangon da farar ƙasa, a saman zauren an rubuta da koren fenti: Gidan Tarihin Sufaye. A ƙasa an maimaita da Faransanci.

Rukaiya ta yi dariya ta ce, Yaya yau kam ka kawo mu inda Alhaji bai taɓa takawa ba. Shi murmushi kawai ya yi, ya zagayo ya buɗe mini ƙofa. A raina na ce shi ke nan, wani ya tsegunta musu, sun kawo ni ne su ga yadda fuskata za ta yi. Tun daga nan na ɗaure zuciyata, na ce ko me zan gani ba zan nuna ba.

Muka tuɓe takalma a zaure. Ƙamshin wurin ne ya fara kama ni: turaren wuta, tsohuwar takarda da jemammiyar fata. Ƙamshin ɗakin Baba ke nan sak. Ina cikin kokawa da wannan sai wani tsoho ya fito yana dogara sanda, da farin rawani, ido ɗaya ya yi hazo. Ko a mafarki na gan shi zan gane shi. Malam Bakari ne, aminin Baba, wanda yakan zo ƙauyenmu duk Mauludi da dabino a aljihu, ya ɗora ni a wuya ya zaga da ni. Ban san nan ya koma ba, ban ma san yana raye ba. Na ja hijabi na rufe rabin fuska, na gaishe shi ƙasa-ƙasa kamar baƙuwa. Ya daɗe yana kallona da idon nan mai gani, sannan ya ce mu shigo, sannunmu da zuwa.

Ɗakin farko alluna ne na zayyana, jere a bango tun daga ƙasa har rufi, ja da kore da ruwan ƙwai, kowanne da sunan wanda ya zana da garinsu. Malam Bakari ya nuna mana yadda ake haɗa tawada da ƙaro da baƙin tukunya, da alƙaluman kara da bakinsu ya cinye don rubutu. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana yawo ƙauye-ƙauye, daga Gangara har yammacin Tibiri, yana karɓo kayan da magada suka rasa yadda za su yi da su. Wasu a rumbu ya same su gara ta fara ci, wasu a bakin bola. Da ya faɗi haka sai na sunkuyar da kai.

A ɗaki na biyu akwai carbi mai dubu da aka naɗe a turmi, gafakoki na fata, korayen tutoci da rana ta kashe musu launi, da littattafan ƙasidu na ajami a buɗe ƙarƙashin gilashi. Akwai wani buzu da gashinsa ya ƙare a wuri biyu, daidai inda gwiwoyin mai shi suke sauka. Rukaiya sai ɗaukar hoto take yi tana jero tambayoyi. Can ta ce, cikin ladabi dai, amma Malam duk wannan ba bidi'a ba ce?

Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ɗiyata, ni ajiya aka ba ni, ba alƙalanci ba."

Hayatu ya juyo ya kalle ni, ya tambaye ni ya na ga wurin. Na ce ba laifi, tarihi ne. Haka na ce, da wata murya ta ko-in-kula da ban san ina da ita ba.

Sai ɗaki na uku. Ƙarami ne, taga ɗaya. Bandirai ne rataye a bango manya da ƙanana, amma a tsakiyar ɗakin akwai akwatin gilashi a kan tebur, da guda ɗaya a ciki shi kaɗai. Tun daga bakin ƙofa na tsaya cak.

Bari in gaya muku yadda na gane shi. Ina shekara huɗu, jajibirin Sallah, Inna ta ƙunsa mini lalle. Na ƙosa, na fizge tsumman, na ruga ɗakin Baba na dafa bandirinsa da ɗanyen lalle a hannu. Shatin yatsuna biyar ya kama fatar, ja jawur. Inna ta ɗauko tsintsiya za ta zane ni, Baba ya tare, ya ce a bar masa, an sa masa hatimi. Daga ranar bai sake canza fatar nan ba. In ta saki sai ya shanya ta a rana ta ɗame. Kuma da yake ba ya son shatin ya goge, sai ya koyi bugawa a gefe-gefe, yana kewaye shi. Shekara da shekaru gumin hannunsa ya baƙanta fatar ko'ina, ban da tsakiya inda ɗan hannuna yake.

Shi ne a cikin gilashin. Baƙi kewaye, ɗan jan hannu a tsakiya.

Malam Bakari ya danna wata tsohuwar rediyon kaset da ke kan taga. Aka ɗan yi shiru, sai na ji gyaran murya sau biyu, irin wanda Baba yake yi kafin ya fara. Sannan bugun ya shigo, sannan muryar. Shekara takwas ban ji ta ba. Ba mu da ita a waya, ba mu da ita a ko'ina, har na fara mance yadda take karyewa in ya kai sunan Annabi. Na dafa bango. Na ciji leɓena har na ji gishirin jini, don kada hawaye ya tona ni.

Tsohon ya fara bayani, yana kallon Rukaiya. Ya ce mai wannan bandiri amininsa ne. Ya ba da labarin lallen tiryan-tiryan, har da tsintsiyar Inna, Rukaiya tana dariya tana cewa Allah Sarki. Ya ce bayan rasuwarsa matarsa ce ta kawo shi da kanta, naɗe a zani, ta shiga mota tun daga Gidan Rumji ita da ba ta taɓa wuce Maradi ba. Ta ce masa ba kyauta ta kawo ba, ajiya ce, don marigayin ya bar wasiyya: bandirin na mai hannun ne, a ba ta ranar da ta zo da wanda za ta aura.

Ya ciro wani ɗan mabuɗi da ke rataye a wuyansa. Ya buɗe gilashin, ya ɗauko bandirin, ya goge shi da bakin rawaninsa, ya miƙo mini.

"Rahinatu. Ajiyarki."

'Yan uwa, a nan ne. Na dubi Hayatu, yana murmushi, na kasa karanta murmushin. Na dubi Rukaiya, ta ɗaga waya tana ɗaukar bidiyo, ta saita ta a fuskata. Ban ga tsoho ba, ban ga bandiri ba, Alhaji Inusa kawai na gani yana kallon wannan bidiyon a falonsa, da muryar Yaya Safiyanu a kunnena. Na tura hannuwana cikin hijabi na ɓoye su.

"Malam, ina jin kama ce ta yi muku yawa. Ban san shi ba. Ni babana ɗan kasuwa ne."

Murmushin Hayatu ya tsaya a inda yake. Malam Bakari bai janye hannunsa ba. Ya matso taku ɗaya, ya sassauta murya kamar mai lallashin yaro.

"Ɗiyata, duba da kyau. Malam Nomau nake faɗi."

"Ban san shi ba."

Sau biyu na faɗa. Kuma duk wannan lokacin kaset ɗin yana juyawa, Baba yana ta bege a bayana.

Tsohon ya daɗe a tsaye. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "To. Idona ne ya tsufa. Ki gafarce ni, ɗiyata." Dattijon da ya goya ni a wuya, shi ne yake neman gafarata don ya rufa mini asiri. Ya mayar da bandirin, ya kulle gilashin, ya maida mabuɗin cikin riga, sannan ya je ya kashe rediyon. Rukaiya ta sauke wayarta tana kallon yayanta.

A mota, Rukaiya mai surutu ta juya fuska waje har muka iso. A ƙofar gidan su Lubna Hayatu bai zagayo ya buɗe mini ba, ya ce sai an jima, idonsa a kan sitiyari. Na shiga na wuce masu barka, na faɗa ɗaki na kwanta da hijabin a jikina. Duk da haka, ku ji ƙarfin hali, ina gaya wa kaina na tsallake tarko.

Ana kiran magariba saƙonsa ya shigo. Ga shi nan yadda yake, ban taɓa ko harafi ba.

"Rahina, wata biyar ke nan da na sani. Kawuna ya je bincike ƙauyenku, ya dawo da labarin komai. Alhaji ya ce ba zai yiwu ba. Wata huɗu ina bin sa, na daina cin abinci a gidan, na sa an yi masa magana. Ban gaya miki ba don kada ki shiga damuwa, ina jira ki faɗa mini da bakinki. Watan da ya wuce ya kira ni ya ce har gobe bai yarda da hanyarsu ba, amma duk wanda aka tambaya ya ce Malam Nomau bai taɓa tauye tiya wajen awon hatsi ba, kuma ɗiyar irin wannan mutum ba a ƙin ta. Shi ya ce Rukaiya ta biyo mu ta ɗauko masa hoto, yana son ya ga lokacin da za a ba ki kayan ubanki. Kadon ke nan."

Kafin in gama sai wani ya biyo.

"Yanzu ban san me zan kai masa ba. Ban ma san me zan gaya wa kaina ba. In wata rana ni ne na zama abin jin kunya, me za ki ce in an tambaye ki?"

Na kira, bai ɗauka ba. Na rubuta ka yi haƙuri, na ga ya yi kaɗan, na goge. Na rubuta Yaya ne ya sa ni, na goge, don ba Yaya ne ya buɗe bakina a ɗakin nan ba. A ƙarshe ban tura komai ba. Na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka fita da Baba, Lubna tana tambayata ina kasa faɗa mata.

Da safe na shiga motar Maradi, daga can na sake wata zuwa gida. Duk tsawon hanya hannuwana suna kan cinyata, jan lallen yana kallona. Abin da kawai nake riƙe da shi a raina shi ne Inna ba ta san komai ba. Na ce zan shiga in ce mata suna ya yi kyau, in kwanta, in ya so daga baya in san yadda zan yi.

Mai kabu-kabu ya sauke ni wajen azahar. Tun daga soro na ji turaren wuta. An share tsakar gida an yayyafa ruwa. Na ɗaga labulen ɗakin Inna na tsaya. Buzun Baba da yake naɗe a ƙarƙashin gado shekara takwas, ga shi a shimfiɗe. A bango, saman gadonta, an buga sabuwar ƙusa, ba komai a jikinta. Inna tana zaune a bakin gado cikin atamfarta mai ruwan goro, wadda ba ta sake ɗaurawa ba tun da ta fita takaba, har da kwalli a idonta.

Ta miƙe da sauri kamar yarinya. Ta ce in zauna in sha ruwa, amma ita ta kasa zama, bakinta ya kasa rufuwa. Ashe Hayatu ya zo wurinta wata guda da ya wuce ina wurin aiki, ya durƙusa ya nemi izininta. Ita ta gaya masa inda ajiyar take. Ta ce jiya ta kira Safiyanu ta faɗa masa gida nasa ne amma ɗakin nan nata ne, abin da ta ga dama shi za ta rataya, ya yi ta faɗa ta ƙyale shi. Innata da ban taɓa jin ta musa wa Yaya ba. Ta ce da kanta ta buga ƙusar da dutsen niƙa, har ta daki yatsa, ta nuna mini tana dariya.

Sai ta dubi hannuwana. Ta dubi jakata, ta ga ba za ta ɗauke bandirin ba. Ta leƙa bayana wajen ƙofa.

"Ina shi? Ko yana ga mai kabu-kabu?"

"Inna..."

"Malam Bakari ya gane ki kuwa? Na ce mai ko cikin mata dubu ya ga idon ga ya san na Malam na."

Daidai nan 'yar wayarta ta fara ƙara a kan buzun. Inna ba ta karatun boko, kullum ni take miƙa wa. Ta ɗauko ta sa mini a tafin hannu, a kan lallen.

"Diba min, wa ka kira?"

Na duba. Ban san tana da lambar ba, sai ga sunan a rubuce.

"Malam Bakari ne, Inna."

Fuskarta ta washe. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta zauna kusa da ni har kafaɗarmu na gogar juna.

"Ɗauka maza, ki buɗe muryar mu ji tare. Ina son in yi mai godiya."